Ƙeyar Malam Hamma

"Wallahi tallahi Sagir, ranar da Baba ya ba da ni ga Alhaji Mainasara, rijiya zan faɗa!"

Barakatu ce ke wannan rantsuwa a zauren gidansu, hawaye shaɓe-shaɓe, ko littattafan ɗalibanta da ta taho da su daga firamare ba ta ajiye ba.

Sagir ya sosa ƙeya da yatsan da fenti ya bushe a kansa.

"Wace rijiyar? Ta gidanku da ƙyar guga ke nutsewa. Kusugu kuma sai kin nemo mai makulli."

"Au, dariya ma na ba ka?"

"Ni na isa? Ni ma kukan nake yi a ciki, ke kike yi mana na waje."

Ta harare shi, ta fyace hanci da gefen mayafi, ta ɗora daga inda ta tsaya.

To mai karatu, bari in warware maka zare da abawa.

Sagir mai zane ne a bakin tashar Daura. Shi ke rubutu a bayan motocin Katsina da Kano, shi ke yi wa masu aski allo. Kafin a ƙaddamar da Shari'a zakuna yake zanawa da kawunan samari masu sabon aski. Tun da aka ƙaddamar kuwa sai furanni da "Allah Ya kiyaye hanya". Shekara uku yana neman Barakatu, shekara ukun nan mahaifinta Alhaji Ɗanbaba, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua, magana ɗaya yake maimaitawa:

"Ban haifi 'ya don mai shafe-shafe ba."

Wanda Alhaji yake so shi ne Alhaji Mainasara, mai babban shagon fenti da kayan gini a kasuwa. Mutum ne mai tumbi da turare, wanda in ya zo zance rabin hirar farashin siminti ce.

Da tuni an sa rana, ba don Kaka Safiyatu ba.

Kaka ita ta haifi Alhaji Ɗanbaba, kuma daga kan tabarmarta take mulkin gidan nan kaf. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsugune a gabanta, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan."

Da daminar bana ne ta buɗe tsohuwar kwallarta ta tarar gara ta yi mata ɓarna. Hoton mijinta marigayi Malam Hamma, guda ɗaya tak a duniya, wanda aka ɗauka shekarar da ya je Makka, gara ta cinye shi. Ba ta bar komai ba sai hula da kunne ɗaya.

Kwana biyu Kaka ba ta ci tuwo ba. A na uku ta sa aka tara gida, ta dubi bango.

"A gaya wa wancan, ni na raini yarinyar nan, ni zan ba da ita. Cikin manemanta biyu, wanda ya dawo mini da mai gidan nan in gan shi, shi na ba. Juma'a ta sama nake jira."

Alhaji Ɗanbaba ya amsa da "To Inna" yana murmushi a cikin gemu. A ganinsa ai an gama, me ɗan tasha zai yi wanda mai mota bai yi ba?

Shi ne dalilin kukan zaure.

"Alhaji Mainasara ya ɗauki guntun hoton ya tafi Kano," in ji Barakatu. "An ce akwai mai kwamfuta a can, ko hula ka ba shi sai ya fito maka da mutum har takalmi. Kai kuma fa? Ko ganin kakana ba ka taɓa yi ba."

"Ba an ce Baba kamarsu ɗaya ba? Da zai zauna mini rabin yini..."

"Baba? Ya rantse ko inuwarsa ba za ka zana ba. Hotunansa kuma Baffa Harisu ya sa ya ƙone su tun bara."

Malam Harisu ƙanen Alhaji ne, autan Kaka. Tun zuwan Shari'a ya ɗage wando ya sa wa hotuna ido, har kalandar kamfanin taki sai da ya sauke daga bango don akwai manomi a jiki.

Sagir ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Share hawayenki. Gobe zan sayo fenti."

"A wane shagon?" ta tambaya.

Sai a lokacin ya tuna. Ya koma ya zauna.

* * *

Washegari da hantsi ya yi ta maza ya shiga shagon abokin takararsa. Alhaji Mainasara ya dawo daga Kano, yana zaune ya cika kujera, fanka na kaɗa masa babbar riga.

"A'a'a! Maraba da sarkin zane! Me za a ba ka?"

"Kore nake so Alhaji, da shuɗi, da ruwan ɗorawa."

"Kash! Sun ƙare."

Sagir ya ɗaga kai. Gwangwanaye ne jere har rufi, kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, suna kallonsa yana kallonsu.

"Waɗancan fa?"

"An saye."

"Duka?"

"Duka. Ni na saye."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Alhaji ya sa ƙafa ya turo wasu gwangwanaye uku da suka lotse daga ƙarƙashin teburi. Fari ne, da baƙi, da jan nan mai duhu da ake shafa wa ƙofar ƙarfe don kada ta yi tsatsa.

"Ɗauki waɗannan, sadaka na ba ka. Ka zana mata toka da gawayi."

Ni da nake ba ka labarin nan, da ni ce da na watsa masa su a riga. Amma Sagir ya san babu wani shagon fenti da zai samu ba na yaran Alhaji ba, Juma'a kuma ba ta jira. Da babu gara ba daɗi. Ya durƙusa ya tattara, har da godiya.

* * *

Bayan la'asar ya nemi iso wurin Kaka. Ya same ta a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, Barakatu na gefe tana yi kamar tsintar shinkafa take.

"Angona ne?" in ji Kaka. "Ka zo da goro ko hannu rabbana?"

Ya ajiye goron, ya zaro fensir da takarda.

"Kaka, so nake ki kwatanta mini marigayi. Mu fara da hancinsa. Dogo ne ko baje?"

Kaka ta daina ɓarar gyaɗa.

"Hancin wa?"

"Na Malam."

"La ilaha illallahu! Barakatu, ashe mara kunya kika kwaso mana? Ni zan san hancinsa? A ina na gani?"

"Kaka, ba shekara arba'in da uku kuka yi tare ba?"

"Arba'in da uku da wata biyar. Sai aka ce maka zama na yi ina ƙare masa kallo, kamar matan yanzu da ke cin tuwo kwano ɗaya da miji suna ƙirga masa loma? Mu a zamaninmu in ya shigo kanka na ƙasa. In ya yi magana ka amsa wa tabarma."

"To idanunsa fa?"

"Biyu ne, haka na ji ana faɗa."

Barakatu ta saki tiren shinkafa ta rushe da kuka.

"Shi ke nan, na zama matar siminti!"

Sagir ya ciji gindin fensir. Ya dubi farar takardarsa, ya dubi tsohuwa. Har ya fara naɗe takardar, sai ya ce bari ya ƙara jefa guda ɗaya.

"To Kaka, me kika sani nasa?"

Ta ɗauki gyaɗa ta murza, ba ta ɓare ba.

"Bayansa," ta ce. "In zai fita kasuwar Mai'adua ran Lahadi, rana ba ta gama fitowa ba, sai in tsaya nan bakin ɗaki. In ya juya baya ai ba mai hana ni kallo."

Daga nan kuma sai ka ce an ɓalle bakin tulu.

Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, saboda igiyar shanu. Rawaninsa mai rinin baba ne da ya koɗe, ba ya naɗa shi daidai, kullum jela ɗaya na lilo a kan kunnen hagu. Kunnen kuma yana da ɗan tsagi, wani bijimi ya yi masa tun yana saurayi. A ƙeyarsa akwai layi uku in ya ɗaga kai yana duban hadari. Sanda ba ya dogara ta, a bayan wuya yake gicciya ta ya rataya hannu biyu. Diddigensa na dama ya fashe, ta sha shafa masa man shanu yana barci. Ƙofar zauren gajera ce, shi kuma dogo, sai ya sunkuya, kuma kullum sai rawanin ya gogi dogarin ƙofar.

"Shekara arba'in da uku ina son in ce a ɗaga ƙofar nan," in ji Kaka. "Ban faɗa ba."

Fensirin Sagir na ta gudu a kan takarda.

* * *

Kwana huɗu bai taɓa motar kowa ba. Direbobi suka yi ta zagi, ya toshe kunne. Ya samo allon katako ya jingina a bayan rumfarsa, ya mai da murfin wata tsohuwar roba wurin haɗa launi.

Da fari abin ya so ya gagare shi. Mutumin da ya saba da koren da ke kashe ido daga nesa, yau ga shi da kala uku kamar na zaman makoki. Amma da ya ɗiga ja a cikin fari mai yawa, sai ga launin katangar ƙasa da sassafe. Da ya haɗa ja da baƙi ya sassauta da kananzir, sai ga fatar bafataken da rana ta gasa. Fari da baƙi suka ba shi toka iri bakwai, daga mai haske ta riga har mai duhu ta cikin zaure.

Rawanin ne ya hana shi sukuni. Na baba aka ce, shi kuwa ba shi da shuɗi ko na ɗigo. Ya haɗa toka mai sanyi ya shafa don dole, yana tsaki. Da ya ja baya taku biyar sai ya tsaya baki buɗe. Tokar nan, da ta zauna kusa da jan katanga, shuɗi take komawa a ido, irin na rinin da ya sha wanki.

Ran Alhamis Barakatu ta biyo ta tasha daga makaranta, wai ta zo neman motar Zango. Ya ɗaga buhun da ya rufe allon da shi yana jiran yabo.

Ta duba. Ta zagaya bayan allon ta leƙa, ta dawo.

"Ina fuskar?"

"Babu."

"Ƙeya ka zana? Sagir, kwana huɗu ƙeya kake zanawa?"

"Ki tsaya ki ji..."

"An ce ka dawo mata da miji, kai kuma ka zana shi yana tafiya! Wayyo ni Barakatu! Dama ba ka sona, ka faɗa mini gaskiya. Wata ka samu a Zango ko?"

"Ke kika ce Zango za ki, ba ni ba."

"Kuma ko ɗan kore babu! Kamar an zana shi da ruwan wanke-wanke!"

Ta yi kukanta mai isarta a kan bencinsa, har wani kwandasta ya leƙo yana tambayar wa ya rasu. Sagir ya mayar da buhun ya rufe allon. Ya san in tsohuwar nan ta dubi allon ta kau da kai, ya rasa Barakatu ke nan har abada, kuma da hannunsa ya yi wa kansa.

* * *

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci tsakar gida ya cika. Kaka na kan tabarma. Alhaji Ɗanbaba na kan kujera yana kaɗa ƙafa. Malam Harisu na tsaye da carbi, ya riga ya ɗaure fuska tun kafin a buɗe komai. Barakatu na bayan labule, ana jin jan majinarta.

Alhaji Mainasara ya fara. Mutum biyu suka shigo da hoton, cikin gilashi da firam mai ruwan zinariya. Aka yaye ƙyalle.

Jama'a suka ce, "Kai!"

Hular dai ta Malam Hamma ce, kunne ɗaya ma nasa ne. Sauran kuwa sai Allah. Mai kwamfuta ya laluba cikin hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba, ya zaɓo wani fari sol mai gashin baki da haƙorin Makka. Ya sa masa koriyar shadda mai walƙiya, ya tsayar da shi gaban wani ruwa mai gangarowa daga dutse, ga jirgin sama na wucewa ta saman kansa.

"Na ce a gyara shi sosai," in ji Alhaji Mainasara yana shafa tumbi. "Har da agogo na sa aka ƙara."

Kaka ta matso. Ta zuba wa mutumin ido, ido cikin ido, ta daɗe tana kallo ko ƙiftawa babu. Sannan ta waiwaya.

"Baƙon nan daga ina? A ba shi ruwa mana. Sai dai a tambaye shi inda ya samo hular mai gidan nan."

Dariya ta ɓarke har a bayan labule. Alhaji Ɗanbaba ya daina kaɗa ƙafa.

"Haramun ne ma!" in ji Malam Harisu. "Ga ido, ga hanci, ga baki. A fitar da shi!"

Sai aka juyo kan Sagir. Ya jingina allonsa a jikin rumbu, ya janye buhun.

Kowa ya miƙa wuya.

Ba komai a ciki sai wani dogon mutum da ya ba da baya, ya sunkuya zai shige ƙofar zaure. Sanda a gicciye a wuya, kafaɗa ɗaya ta sauka, jelar rawani na lilo a kan kunne mai tsagi. Katanga ja-ja, riga toka-toka, ɗan hasken safiya ya sauka a kan diddigen da ya fashe.

Alhaji Mainasara ya tuntsire da dariya.

"Ƙeya! Jama'a ku zo ku ga ƙeya! Fentin ne bai kai fuska ba?"

Malam Harisu ya matsa ya duba sama da ƙasa yana neman abin hanawa. Ya leƙa ta gefe ko fuskar na ɓoye.

"To... wannan dai babu fuska," ya faɗa kamar an ƙwace masa nama. "Ban ga abin cewa ba."

Ba wanda ya lura da Kaka sai da ta yunƙura ta miƙe, ita da sai an kama ta take tashi. Ta tako har gaban allon. Kallo ɗaya ta yi masa, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai, ta ɗan rusuna.

Murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ba wanda ya taɓa ji a bakinta, ta ce:

"Allah Ya ba da sa'a. A dawo lafiya."

Alhaji Ɗanbaba ya cire hula. Shi ma wannan bayan ya sani, shi ya yi ta bi da gudu yana yaro har bakin zaure. Ya sa hular ya goge ido, yana cewa wai hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

Kaka ta dubi bango.

"A gaya wa wancan, na ba mai shafe-shafe."

Guɗa ta tashi. Barakatu ta faɗo daga bayan labule da sabon kuka, na daɗi wannan karon, sai dai sautin duk ɗaya ne. Alhaji Mainasara ya tattara riga ya fice, ya bar baƙonsa jingine da turmi ba wanda ya ba shi ruwan.

Sagir na shirin sulalewa ya je ya yi sujada a waje, Kaka ta riƙo gefen rigarsa.

"Tsaya, ango. Fentin ya saura?"

"Akwai kaɗan, Kaka."

"To ka juyo mini shi."

"Na'am?"

"Shekara goma sha biyu da rasuwarsa hoton nan na kife a kwalla, kullum ina cewa gobe zan duba. Ranar da na yi ƙarfin hali na buɗe, gara ta riga ni." Ta share ido da bakin zane. "Sau ɗaya nake so in gani kafin in bi shi."

"Inna, fuska fa haramun..." Malam Harisu ya fara.

"Harisu, rufe mini baki. In na gani ka zo ka shafe da hannunka, ladan naka ne."

Sagir ya dubi allon.

"Kaka, ai ban san fuskar ba."

"Kowa na cewa wancan kamarsu ɗaya. Ni ban sani ba, shi ma ban taɓa kallonsa ba." Ta juya ga bango. "A gaya wa wancan ya zauna."

Haka Alhaji Ɗanbaba, dillalin da bijimai ke tsoron tsawarsa, wanda ya rantse ko inuwarsa ba za a zana ba, ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gidansa, hannu bisa gwiwa kamar ɗan aji ɗaya.

"Baba, a ɗan ɗaga haɓa," in ji Sagir.

"Kai yaro, ka kiyaye ni."

"Baba, in ana magana hancin na motsi."

Alhaji ya haɗiye sauran, ya ɗaga haɓa.

Kaka ba ta dubi ɗanta ba. A bayan Sagir ta zauna, allon da ya juyo ya kare mata kujerar, idonta a kan bayan allon inda buroshi ke tafiya. Toka ta zama goshi. Ja da baƙi suka zama kumatu. Rawanin da ya koɗe ya sauko ya zagaye su. Can da inuwa ta kai bakin rumbu, sai ga idanu biyu sun buɗe suna dubanta.

Ta kai hannu ga mayafi za ta ja. Hannun ya tsaya a hanya.

Ta daɗe tana kallo, hawaye na bin tsagen fuskarta. Sannan ta dafa kafaɗar Barakatu.

"Ke 'yar nan," ta ce. "Ashe kyakkyawa na aura, ba wanda ya gaya mini."